Jirgin Da Ya Tsallake Kogin Oti a Kan Tebur

Akwai wani bawan Allah a Komah, tsohuwar unguwar nan ta Sokodé, wanda ya shimfiɗa layin dogo tun daga garin har Dapaong, shi kaɗai, ba gwamnati, ba kamfani, ba bikin aza harsashi.

Layin duka a ɗakin baƙinsa yake, a kan ƙyauren ƙofa guda biyu da aka kwantar bisa benci.

Sunansa Malam Issifou, amma a unguwa Jeyometir ake ce masa, saboda awon filaye da hanyoyi ya yi wa gwamnati har ya yi ritaya. Irin mutanen nan ne da in ka ce musu gidanka na nan kusa, sai su tambaye ka kusa da me. Ba mugu ba ne. Yana dai son a san ya sani, kuma maƙwabta ba kullum suke iya bambance abubuwan biyu ba.

Ɗansa Fayçal ne ya jawo maganar. Daga Jamus ya aiko masa da ɗan jirgin ƙasa mai aiki da lantarki, da taragunsa, da layukan da ake harhaɗawa. Nufinsa tsoho ya samu abin yi, ya ƙyale limamin unguwa ya huta da gyaran alƙibla.

Malam ya haɗa layin a kan tabarma, ya kunna. Jirgi ya zagaya, ya dawo, ya sake zagayawa. Sai ya kashe.

"Ina za shi?" ya tambayi matarsa Khairiya.

"Ina kuwa za shi, Malam? Abin wasa ne."

"Abin da bai taso daga ko'ina ba, bai kuma nufi ko'ina ba, sai zagaye kawai, ai ba jirgi ba ne. Fanka ce."

Kowa a ƙasar ya san layin dogo bai taɓa wuce Blitta ba, can kudu da Sokodé, kuma tun Malam na ɗan makaranta ake cewa za a kawo shi arewa. Ran nan ya yanke cewa ya gaji da jira. Zai kai shi da kansa. Kuma ƙasar da jirgin zai ratsa sai ta yi kama da ƙasar, ba da zanen littafin yara ba.

A nan ya gano abin da bai zata ba. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana auna ƙasa, amma bai taɓa kallonta ba.

Nisan Bafilo daga Sokodé, ko daga barci aka tashe shi zai faɗa. Amma wane launi duwatsun Aledjo ke yi in rana ta karkata? Bai sani ba. Sai ya shiga mota ya je ya zauna a gefen hanya yana kallon dutse, har wani mai babur ya tsaya ya tambaye shi ko rasuwa aka yi masa.

Ya dawo ya tara takardun buhun siminti, ya jiƙa su da kokon rogo, ya cura tsaunuka. Da suka bushe sai suka yi sumul kamar kan jariri. Ya fasa ya sake, wannan karon ya danna musu ɓawon itace tun suna ɗanye don su samu tsaga da ƙuraje irin na dutsen gaske.

Itatuwa da wayar lantarki ya murɗa su. Ganye kuwa, soson tsohuwar katifa ya goge ya rina. A karon farko kore iri ɗaya ya yi musu duka, suka fito kamar 'yan makaranta a layin safe. Da ya fita ya tsaya a gindin mangwaro ya ɗaga kai, sai ya ga a reshe guda akwai kore mai duhu, akwai mai haske, akwai ja-ja na sabon toho, ga kuma busasshen da ya ƙi faɗuwa. Ya koma ciki ya tsige komai.

Rufin gidaje daga gwangwanin tumatir ya yanko, ya danna su a kan haƙoran matsefi suka yi layi-layi irin na kwano. Sun yi kyau ƙwarai, wato sun yi ƙarya, don babu unguwar da kowa ya yi sabon rufi rana ɗaya. Sai ya shiga yawo a Komah yana nazarin tsatsa. Ya gano daga kan ƙusa take farawa ta gangaro ƙasa. Ya gano ruwan gishiri na kawo ta, ruwan goro kuma na ba ta launin da ya dace. Maƙwabta suka ga tsohon ma'aikacin awo tsaye yana ƙare wa gidajensu kallo yana gyaɗa kai, wasu suka fara gaishe shi da ladabin da bai saba gani ba.

Wani yanki na daji ne ya fi ba shi wahala. Komai ya zauna, kaɗanya ga ta, ƙaya ga ta, busasshiyar ciyawa da ya yi da zaren igiya ga ta, amma ido na ƙin yarda. Ya daɗe yana zagaya teburin kafin ya gane: babu baƙar leda ko ɗaya maƙale a ƙaya. Ya yanka 'yan mitsi-mitsi ya liƙa. Nan take wurin ya zama gida.

"Mutane na share datti, kai kana ƙera shi," in ji Khairiya.

"Ba a gama aikin nan ba sai ya ruɗi ido," Malam ya amsa. "Ranar da mai hankali ya kalla ya ɗauka gaske ne, ranar na gama."

Da layi ya tsallake Kara ya doshi arewa, sai ƙasa ta ƙi. Jar ƙasar Sokodé ba ta yi kama da ta Dapaong ba, wadda ta fi haske da tsakuwa. Fenti kuwa, Malam ya ce fenti fenti ne. Sai ya kira yayarsa.

Hajiya Rahma ita ta goye shi, ita ta riƙe hannunsa ranar da aka kai shi makaranta. Aure ya kai ta Dapaong, a can kuma ta ci gaba da zama bayan rasuwar mijinta. Tana da rumfar abinci a bakin tashar manyan motoci, daidai inda direbobin da za su Cinkassé, garin bakin iyaka, ke tsayawa, rumfar farko da ƙafar mai jin yunwa ke tararwa. Da ita ta ci, da ita ta aurar da 'ya'ya. Irin wannan wuri ba a saye, ba a sayarwa. Mai shi ne ke miƙa wa wanda ya ga dama a gaban sarkin tasha, a raba goro, a shafa Fatiha, kuma abin da aka miƙa haka ba ya dawowa.

"Yaya, ki sa a ɗebo mini ƙasa daga gindin babbar kukar nan ta bayan gari, wajen tsohon burtali."

"Ƙasa? Issifou, da tsufanka ka fara bin bokaye?"

"Aiki ne."

"Wane aiki, kai da aka sallama?"

"Nan gar za ta zauna."

A bakin mutanen can, gar ita ce tasha, ta mota ko ta jirgi. Rahma ta rage murya.

"Gar ɗin me?"

"Ta jirgin ƙasa mana. Na riga na wuce Kara. Amma kada ki gaya wa kowa tukuna, ban gama ba."

Shi abin da yake nufi, yana so ya ba ta mamaki in ta zo Sokodé da Sallah. Ita abin da ta ji, mutumin da gwamnati ta saba aikawa ya auna hanya kafin a gina ta ya nemi a ɗebo masa ƙasa, kuma ya ce sirri ne. Malam ya ji yadda muryarta ta canja. Ya lura sarai. Abin ya yi masa daɗi, sai ya bar shi haka.

Wahabu ne ya kawo ƙasar, wani direban babbar mota da ke cin abinci a rumfar Hajiya tun yana yaron mota. Malam ya tankaɗe ta da rariyar Khairiya, ya soya ta a kaskonta don kada gara ta biyo. Khairiya dai ta nemo wani kaskon ta ɓoye.

Kafin ya kai Dapaong sai da ya gama Mango, kuma a nan ne hannunsa ya faɗa sosai. Kogin Oti da man sheƙi irin na kafinta ya zuba shi, shafi bisa shafi, har yana ɗaukar hoton sama. Ya ɗora gada. Ya gina 'yar gar mai rufin da ya fara tsatsa, ya tsayar da akuyar yumɓu a kan layi, inda akuya ta gaske za ta tsaya. A gefe ya zaunar da wata mata mai sayar da abinci, girmanta bai wuce ƙwallon dabino ba, da shuɗin zane da tukwanenta.

Wata safiya ya fito da yankin Mango zuwa tsakar gida, ya ɗora a kan katanga yadda sararin sama na gaske zai zama bayansa. Ya durƙusa, ya daidaita waya da layin dogo, ya ɗauka. Da ya duba hoton, shi kansa sai da ya sake dubawa. Ga jirgi na saukowa daga gada, ga ruwa, ga gar, ga mai abinci.

Sai ya tura cikin zauren dangi na waya. Bai rubuta komai a ƙasa ba. So yake ya ga wa zai gane.

"Masha Allah." "Allah ya nuna mana." "Ashe da gaske suke wannan karon." Fayçal kaɗai ya turo fuskar dariya, amma shi Fayçal kowa ya san tun da ya je Turai yake dariya ba dalili.

Ba a jima ba hoton ya fita daga hannun dangi, ya yi yawonsa, ya dawo wa Malam ta hannun wani tsohon abokin aikinsa. Wannan karon da murya a haɗe, wani yana bayani cikin natsuwa cewa ta cikin daji aka bi da layin, shi ya sa masu bin titi ba sa gani.

Malam ya saurara, ya maimaita, ya sake maimaitawa.

"Malam, ka gaya musu," in ji Khairiya.

"Me na ce da zan janye? Hoto kawai na tura. Ban ce komai ba."

"Shi ne ai. Ba ka ce komai ba."

Bayan 'yan kwanaki Wahabu ya biyo ta gidan a hanyarsa ta dawowa daga Lomé. Ya gaisa, ya sha ruwa, sannan ya rage murya.

"Baba Jeyometir, Hajiya fa ta ce za ta bar rumfa."

"Wace rumfa?"

"Ta bakin tasha. Sayyada za ta miƙa wa, marainiyar nan da ke taya ta aiki. Ita za ta koma gindin kuka, ta kama wuri tun kafin jama'a su farga. Ta ce in jirgi ya zo mu direbobi sai tarihi. An sa Juma'a ta sama." Ya matso. "Baba, tsakani da Allah, ni ma in fara neman wata sana'a ne?"

Ƙofar ɗakin baƙi na bayan Malam, taku kaɗan. Da ya tura ta, da zance ya ƙare a nan, da dariyar direba guda. Ya dubi ƙofar, ya dubi Wahabu, ya ga irin kallon da ake yi wa manya masu sanin sirrin ƙasa, kallon da rabonsa da shi tun ranar da ya bar ofis.

"Kada ka yi gaggawa," ya ce. "Zan yi magana da Hajiya."

Kuma ya kira ta, a yi masa adalci. Sai dai kafin ya buɗe baki ta riga shi.

"Auta! Ka san yanzu a tasha me ake ce mini? Yayar mai jirgi. Sarkin tasha da kansa ya zo ya zauna a bencina. Na ce musu ni na kai shi makaranta yana kuka yana riƙe mini zane. Wallahi Issifou, ban taɓa ganin amfanin karatun nan naka kamar yanzu ba."

Sai ya ajiye maganar da ya shirya.

"Yaya, batun rumfar nan... ki bi a hankali."

"Na sani, an hana ka magana. Ni ma ban gaya wa kowa ba, sai mutanen tasha." Ta ɗan tsaya. "Amma gindin kukar ne, ko?"

"A nan na sa ta," in ji Malam. Kuma gaskiya ya faɗa, irin gaskiyar da ta fi ƙarya ɓarna.

Da ya ajiye waya sai ya lallashi kansa. Ya ce irin wannan magana ba ta waya ba ce, ido da ido ake yin ta. Kuma in har zai je, gara ya tafi da yankin Dapaong a kammale, ta ga ba shirme ya zauna yi ba, ko ta rage fushi. Akwai sauran lokaci kafin Juma'ar. Sai ya zauna gyaran kuka. Rassanta sun yi masa siriri. Ya sake su. Jikinta ya yi santsi da yawa. Ya sake shi. Kukar ta fito ba ta da makusa.

Ana jibi Juma'ar ya shiga motar Dapaong da kwalin taliya a kan cinya. A ciki akwai jirgin, da kukar da gar ɗinta, da gadar Oti, da 'yar gar ɗin Mango da mai abincinta.

Da suka kusa Mango sai fasinjoji suka fara miƙa wuya ta taga. Wani ya ce gadar jirgin na can gabas, bayan itatuwa. Wani dattijo ya rantse ya hango ƙarfenta na ƙyalli. Wata mata ta ce ɗan ƙanwarta ma a can yake aiki. Malam ya ƙara rungume kwali. Ya leƙa kogin, ya lura ruwan ya fi nasa laka, amma ranar ko wannan bai iya ɗauke masa hankali ba.

A bakin tashar Dapaong ya tarar da rumfar cike da direbobi kamar kullum. Sai dai wadda ke riƙe da ludayi ba yayarsa ba ce.

"Sannu da zuwa, Baba," in ji Sayyada, ta russuna. "Hajiya na gar."

"Ba sai Juma'a ba?"

"Ta ce ba za ta iya jira ba. Tun wancan makon aka raba goro."

Mai babur ya kai shi bayan gari. Ga kuka, ta fi tasa girma, ba ta kai tasa tsari ba. Ga sabuwar rumfar zana, ga benci ba kowa, ga tukwane cike. Ban da awaki, babu mai wucewa. Hajiya Rahma na zaune tana korar ƙuda, ta sha sabon mayafi.

Ta yi murna, ta zuba masa shinkafa da wake har da ƙarin nama, ta ce ya ci, yau shi ne mai ciniki na farko. Bai iya ci ba. Ya ajiye kwalin a kan benci ya buɗe. Ya fito da kuka ya ajiye. Ya fito da gada ya ajiye. Ya fito da gar ɗin Mango, da ɗan jirgin.

"Yaya, ga jirgin. Ga gadar da kika gani. Duka daga ɗakina suke. Fayçal ne ya aiko da shi, ni kuma na yi masa ƙasa."

Rahma ta dubi kayan. Ta kwance bakin zane ta ciro tabarau ta saka. Ta ciro waya ta buɗe hoton. Ta dubi waya, ta dubi benci, ta sake duban waya. Ta sa yatsa ta taɓa ruwan Oti, ta duba yatsan, a bushe.

Sannan ta ɗauki 'yar matar nan mai shuɗin zane, ta ɗora a tafin hannu.

"Wannan ce?"

"Wace?"

"Wadda ta hana ni barci. Da na ga hoton na ce, ji wata har ta kafa tukunya a Mango, ni ina nan ina jiran Juma'a. Saboda ita na matso da rana. Kullum sai na buɗe na zage ta. Mace ta baje kamar buhun gawayi, ko murfin tukunya ba ta iya rufewa ba. Wace ce wannan ƙazamar?"

Malam ya dubi ƙasa, wadda yanzu ya san launinta sosai.

"Ke ce, Yaya."

"Ni?"

"Zanenki ne na aiki. Kuma haka kike zama. Murfin kuwa... ba kya rufewa in ciniki ya kankama."

Ta daɗe tana kallon abin da ke tafin hannunta. Wata dariya ta taso mata, gajera, ta tsaya a hanya. Ta cire tabarau ta goge ido da gefen mayafi.

"Ka iya, Issifou. Wallahi ka iya." Ta ajiye 'yar matar a hankali. "Na tambaye ka, ka tuna? Na ce gindin kukar ne?"

"Ban yi miki ƙarya ba, Yaya, ni dai..."

"A'a, ba ka yi mini ba. Ka dai tsaya kana kallona ina yi wa kaina."

Malam ya fara mayar da kayan cikin kwali.

Da la'asar ya je wurin sarkin tasha ya roƙa a warware. Sarki ya saurare shi har ƙarshe, ya nemi a nuna masa gadar, ya juya ta, ya yaba. Sannan ya ce goron an ci, Fatiha an shafa, shi bai san yadda ake mayar da ko ɗaya daga cikinsu ba. Sayyada da ta ji labari ta zo tana kuka, ta ce ita ta yafe, Hajiya ta dawo wurinta. Rahma ta ce ko kusa. Abin da ta ba marainiya a gaban shaidu ba za ta ƙwace ba don ƙanenta ya iya yumɓu.

Rumfar ta tafi ke nan.

Malam ya hau benci a tsakiyar tasha, ya ɗaga gadar Oti sama da hannu ɗaya, ya faɗi gaskiya da ƙarfi, da Hausa da Faransanci. An yi dariyar da har masu gyaran taya suka bar aiki suka zo. Wahabu ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki. Wani direba kuma ya ja abokinsa gefe ya ce, "Ka ga yadda suka tilasta masa ya ƙaryata? Lallai maganar babba ce."

Washegari Malam ya koma Sokodé. Ya shiga ɗakin baƙi ya daɗe a tsaye. Sannan ya kira Wahabu ya ce in ya tashi hawa arewa ya biyo, akwai kaya.

Ƙyauren nan biyu, da tsaunukansu da kogunansu da ledojinsu, a bayan babbar mota suka yi tafiyar da jirgin gaske bai taɓa yi ba. Aka kafa su a ƙarƙashin rumfar Hajiya, a gindin kuka, aka haɗa da batirin mota. Malam da kansa ya ɗaure wayoyin, ya koya wa yayarsa inda ake kunnawa.

"Hayaƙi zai ɓata shi," ta ce. "Yara za su taɓa."

"Na sani."

"Kai kuma me za ka riƙa kallo a Sokodé?"

"Khairiya ta ce akwai bango."

Mutane suka fara zuwa ganin abin da ya ruɗi Hajiya. Kowa ya zo yana cewa shi dai da ma bai yarda ba, sannan ya durƙusa ya daidaita ido da layi, ya daɗe yana kallo. Hajiya ta kafa doka: jirgi ba ya tashi sai an zuba abinci. Malaman makaranta suka fara kawo ɗalibai. Direbobin da suka saba da hannunta wasu kan hau babur su zo, in lodi ya yi jinkiri. Masu babur ɗin ma yanzu in ka ce musu gar, sai sun tambaye ka, ta mota ko ta Hajiya.

Kada a ƙara gishiri: cinikin bai kai na bakin tasha ba, kuma ba zai kai ba. Ɗalibai sun fi direbobi surutu, amma ba su kai su ci ba. Tana dai sauke tukunya ta ga gindinta, ta daina dafa wa awaki.

Malam kan je lokaci-lokaci da ɗan akwatin gyara. Hayaƙi ya dusashe tsaunukan, maiƙo ya hau rufin gidajen, wani yaro ya karya wa akuyar ƙafa. Ya tsaya ya duba, ya ga abin bai taɓa yin kama da gaske kamar yanzu ba. Wannan karon bai ɗauki hoto ba.

Ya taɓa cewa zai rage wa 'yar matar nan jiki, ya kuma rufe mata tukunya. Hajiya ta ce ya bar ta yadda take, ta sha zagin da ya ishe ta.

Darasi: Ba sai ka furta ƙarya kake zama mai ita ba. In ka ga ɗan'uwanka ya fahimce ka a karkace, kuma ka yi shiru don kuskuren nasa na ƙara maka girma, to duk abin da ya rasa a kan wannan shirun da hannunka a ciki. Gyara tun maganar na wurin mutum ɗaya, kafin ta kai inda neman gafara ba ya mayar da abin da ya tafi. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman masu tura hoto ba bayani. Shi dai hoton har yau yana yawo. A makon jiya an gan shi a Cinkassé, an ce layin ya kusa iyaka.